Gyartai a Ɗakin Tiyata

Wanda ya taɓa zama gaban gyartai ranar kasuwa ya san ba da basilla yake fara aiki ba. In mace ta miƙo masa ƙwaryar da ke zuba, sai ya ɗaga ta a hasken rana, ya ƙwanƙwasa ta da farce, wani lokaci ya zuba mata ruwa ya zura ido ya ga inda danshi zai fara tsattsafowa. Tsagar da mai ƙwarya ta nuna masa ba lalle ita kaɗai ce ba, kuma ba lalle ita ce ke zubar da nonon ba. Sai ya gamsu da abin da idonsa ya gani, sannan ya jawo jakar kayan aiki.

Akwai likitocin da aikinsu ke nan, sai dai ƙwaryarsu tana cikin jikin mace, a lungun da hannu ke shiga da ƙyar. Su ne masu gyaran yoyon fitsari. Kowa ya san yoyon da doguwar naƙuda ke jawowa. Wanda nake son mu duba shi ne ɗan uwansa da ba a cika zancensa ba, wato wanda ke biyo bayan aikin cire mahaifa, domin a nan ne gwanintar waɗannan mutane take fitowa fili.

Mu ɗauki misalin wata mata daga ƙauyukan Sae Sabuwa, gundumar nan ta yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi, wadda ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan 100,000 a cikinta. Haihuwarta ta tara ke nan, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace ɗaya tana haihuwar ƴaƴa fiye da bakwai. Naƙuda ta kwana biyu. An ɗora ta a amalanke zuwa likitar gari, daga can aka tura ta Maraɗi. Kafin a isa, mahaifa ta fashe. Likitan da ke gadi a daren ya buɗe ciki ya tarar jini ya cika ko'ina, jariri ya riga ya koma, mahaifa ta yage har ƙasa yadda ba ta ɗinkuwa. Abu ɗaya ya rage masa: ya cire ta kafin jinin matar ya ƙare. Ya cire, aka yi mata ƙarin jini, Allah Ya yi da sauran kwana. Aka sallame ta, dangi na ta zuwa barka da arziki. Ran kwana goma ta farka da asuba ta tarar da tabarma jiƙe sharkaf, zane jiƙe, ruwan kuma bai tsaya ba har rana ta faɗi.

Me ya faru a ciki? Ƙoda biyu gare mu, kowace tana tura fitsari zuwa mafitsara ta wani siririn bututu, tsawonsa santimita 25 zuwa 30, kaurinsa bai kai na fensir ba. A jikin mace, gab da zai shiga mafitsara, bututun nan yana ratsawa ta ƙarƙashin babbar jijiyar da ke kai wa mahaifa jini, kuma tsakaninsa da bakin mahaifa bai wuce santimita 2 ba, faɗin yatsa ɗaya ke nan. To wannan jijiya dole ne a danne ta, a yanke, a ɗaure, in dai za a cire mahaifa. Ita kuwa mafitsara manne take da gaban mahaifa, sai an saɓule ta a hankali kamar yadda mahauci ke raba fata da nama. In komai na zaune inda Allah Ya ajiye shi, ƙwararre zai wuce lafiya. Amma in mace ta taɓa haihuwa ta tiyata tabo ya liƙe wuri, ko ƙari ya girma ya ture bututun daga mazauninsa, ko mahaifa ta fashe jini ya rufe ido, sai allura ta kama abin da ba shi ta nufa ba. Wani lokaci yankewa ake yi, fitsari ya fara zuba tun a gadon asibiti. Sau da yawa kuwa zare ne ya shaƙe wurin ko almakashin danniya ya murje shi, naman ya mutu a hankali, sai bayan mako ɗaya ko biyu ya ɓule. Shi ya sa matar tamu ta koma gida a bushe.

Inda ake aiki da rana tsaka, da jini a ajiye da isassun hannaye, abin ba ya yawan faruwa. Wani bincike a asibitocin gwamnatin Ingila tsakanin 2000 da 2008 ya samu yoyo ɗaya cikin kowace cire mahaifa 788. A wajenmu lissafin dabam ne. Thomas Raassen, wani likitan tiyata ɗan Holan da ya daɗe yana gyaran yoyo a gabashin Afirka, shi da abokan aikinsa sun fitar da rahoto a 2014 kan mata 5,959 da aka yi wa gyara a ƙasashe 11 daga 1994 zuwa 2012. A cikinsu 805, wato fiye da 13 cikin ɗari, tiyata ce ta jawo musu ciwon. Daga ciki 273 bututun ƙoda ne ya samu rauni, 181 kuma ramin yana can ƙuryar farji, daidai inda aka ɗinke bayan cire mahaifa.

Yanzu matar ta iso gaban mai gyara. Abu na farko da zai yi bai buƙatar wuta ko na'ura.

"Sannu, Inna. Ban da wannan da ke zuba, kina jin fitsari ya matse ki har ki je ki tsuguna?"

"Ina ji, likita. Ina yi kamar kowa. Amma zanen nan ba ya bushewa, dare da rana."

Wannan amsa ta yi rabin aikin. In mafitsara ce ta ɓule da rami mai faɗi, ba abin da zai taru a cikinta, mace ba za ta ƙara jin matsin fitsari ba. In kuwa tana tsugunawa kamar kowa kuma tana zuba ba tsayawa, to ƙoda ɗaya tana kai nata ruwan mafitsara lafiya lau, ɗayar ce ke zubar da nata a hanya. Zargi ya koma kan bututu. Sai dai ƙaramin rami a mafitsara ma yakan yi irin wannan shigar burtu, saboda haka likita ba zai tsaya a kan zargi ba.

Nan shuni ke shigowa. Akwai wani ruwa shuɗi da suke kira metilin, kwalbarsa ba tsada. Za a jera auduga uku cikin farji, ɗaya a ƙurya, ɗaya a tsakiya, ɗaya a bakin ƙofa. A zura robar fitsari a cika mafitsara da ruwan shuɗin, a cire robar, a ce wa matar ta ɗan zagaya, ta yi tari. Sannan a zaro audugar ɗaya bayan ɗaya a karanta, kamar yadda marini ke tsamo ƙyalle ya gane ko baba ya kama. Ta ƙurya ta yi shuɗi: mafitsara ce ta ɓule. Ta bakin ƙofa kaɗai ta yi shuɗi: ba rami, maƙullin fitsari ne ya yi sanyi, wuƙar gyaran rami ba ta da aiki a nan. Ta ƙurya ta jiƙe amma fari tas, ba ɗigon shuɗi: ruwan bai bi ta mafitsara ba sam, daga bututun ƙoda yake. Hoton ciki, wanda mutanen Nijar ke kira eko, shi zai nuna wace ƙoda ce ta kumbura, ta dama ko ta hagu. Ni dai duk cikin wannan sana'a ba abin da ke burge ni kamar wannan mataki. Auduga uku da ruwan bula sun raba cuta uku da maganinsu bai haɗu ba, kuma wanda ya yi gaggawa ya tsallake shi yana iya ɗinke mafitsarar da lafiyarta ƙalau, matar ta tashi da yoyonta.

Gwani kuma ya san ranar da ba a taɓa wuƙa. Wannan darasi daga maƙwabta ya fito, daga Babbar Ruga a Katsina, wadda tsakaninta da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Likita Kees Waaldijk, shi ma ɗan Holan, ya zo can a 1983 don aikin kuturta, sai ya tarar da mata masu yoyo ba mai duba su. Ya koma kansu, ya yi aiki fiye da 20,000, ya horar da likitoci da ma'aikatan jinya daga Najeriya da Nijar. Shi ya nuna cewa in yoyo sabo ne, a sa wa mace robar fitsari nan take a bar ta makonni huɗu ko fiye, mafitsara ta zauna wayam ba abin da ke buɗa ramin, sai naman ya haɗe da kansa. A rahoton da ya fitar a 2004 kan mata 1,716 da suka zo da sabon yoyon haihuwa, kusan 15 cikin ɗari roba kaɗai ta warkar da su. Ƙaramin ramin mafitsara bayan cire mahaifa shi ma yakan amsa wannan kira in an zo da wuri. Da robar akwai sharaɗi: shan ruwa, lita shida ko fiye a yini. Nan ake kokawa da majinyata. Mace mai yoyo takan rage shan ruwa don zubar ta ragu, kuma kowa zai fahimce ta. Amma fitsarin sai ya yi kauri, ya yi zarni, ya ƙona fatar cinya, ya tara tsakuwa, ya toshe roba. Mai jinyar da ta iya aikinta za ka ji ta tana bin gado gado da buta: "Yaya, ɗaga ki ƙara kofi ɗaya, so nake in ga ya fito fari kamar ruwan rijiya."

In roba ba ta yi ba, sai ɗinki. Ramin da cire mahaifa ke bari yawanci ƙarami ne, wani bai fi ƙwayar wake ba, amma yana can ƙurya, wurin da haske ba ya kaiwa sai an karkata gado kai ya yi ƙasa. Allurar kashe zafi ta baya ake yi, matar tana farke, tana jin ana magana. Wani likita ɗan birnin Biyana mai suna Wilhelm Latzko ya bayyana dabarar da ta dace da irin wannan rami a 1942, kuma har yau ana bin ta. Ba a buɗe ciki. Ana feƙe siririyar fatar farji da ke kewaye da ramin, santimita ɗaya zuwa biyu ta kowane gefe, a bar ɗanyen nama yana kallon ɗanyen nama, sannan a haɗe bangon gaba da na baya, hawa kan hawa, ramin ya shige ciki ya rufe. Abin mamaki, rashin mahaifar ne ya ba da wannan dama. Da tana nan, rufe ƙuryar zai toshe hanyar jinin al'ada.

A nan likita ya rabu da gyartai. Ƙwarya matacciya ce, zaren da aka ɗinke ta da shi shi zai riƙe ta har ta ƙare, don haka gyartai ke jan zarensa da ƙarfi. Nama kuwa rayayye ne. Zaren likita narkewa yake yi bayan ƴan makonni, aikinsa kawai ya riƙe leɓɓan rauni su yi sallama da juna har jini ya haɗe su. In aka jawo su da ƙarfi, jini ya daina kaiwa, wurin ya mutu, ramin ya dawo ya fi na da. Saboda haka mafi yawan lokacin aiki ba a ɗinki yake tafiya ba, a sassauto nama yake tafiya, ana raba mafitsara da tabon da ya ɗaure ta har gefen nan ya kwanta kan wancan da kansa. In naman wurin ya yi tauri, jini bai wadace shi ba, sai a jawo ɗan kitse mai jijiyarsa daga leɓen gaba a shimfiɗa a tsakani, dabarar da wani Bajamushe, Heinrich Martius, ya kawo a 1928. Da an gama, a sake cika mafitsara da shuɗi tun matar tana kan gado. Ko ɗigo ɗaya ya leƙo, a koma. Duk masu wannan sana'a bakinsu ɗaya a kan cewa ɗinkin farko ya fi kowane samun nasara, domin kowane aiki da ya lalace yana barin tabo, tabo kuwa ba ya haɗewa da daɗi. Likitan da ya san ramin ya fi ƙarfinsa ya tura gaba, ya yi wa matar alherin da ba za ta taɓa sani ba.

Matar tamu ta Sae Sabuwa kuwa audugarta fara ta fito, saboda haka nata aikin ta ciki ne. Wurin da aka yi tiyata makonni kaɗan da suka wuce a cakuɗe yake, hanji ya manne, tabo ya rufe komai. Mai hankali ba ya neman bututun a inda ya ji rauni. Sama yake hawa, bakin ƙugu, inda bututun ke haye manyan jijiyoyin da ke gangarawa ƙafa, wurin da wuƙar farko ba ta taɓa ba. Yakan gane shi da motsinsa, don in an ɗan taɓa shi sai ya yi lanƙwasa kamar tana. Daga nan ya bi shi ƙasa sannu a hankali, kamar mai bin sawun akuya daga inda aka gan ta ƙarshe. Ba ya tsiraita shi, domin ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da shi a rigarsa ta waje suke, wanda ya feƙe shi tas ya kashe shi. In ya iso inda ya lalace, ya yanke daga sama kaɗan, ya ɗan tsaga bakin don ya yi faɗi kada ya tsuke daga baya, ya huda sabuwar ƙofa a mafitsara, ya dasa shi da zare siriri, ya bar wata ƴar roba a ciki ta yi makonni tana riƙe hanya. In bututun ya gaza, bai kai ba, ba a jan sa. Mafitsarar ake jawowa sama a kafe ta jikin naman baya ta tarye shi. In har yanzu da saura, a yanko wani harshe daga jikin mafitsarar a naɗe shi ya zama bututu, dabarar da wani ɗan Italiya, Achille Boari, ya fara gwadawa a jikin kare a 1894. Abin da ake ceto a nan ya wuce bushewar zane. Bututun da ya tsuke yana kashe ƙodarsa a hankali, ba tare da mai ita ta sani ba.

Bayan an fito ɗakin tiyata, aikin ya koma hannun ma'aikatan jinya, kuma ba ƙaramin rabo ba ne nasu. An saba barin robar fitsari kwana 14, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2018 kwana 7 zuwa 10 ya isa in ramin mai sauƙi ne. Duk tsawon kwanakin nan dole wani ya riƙa duba ko tana ɗiga, har tsakar dare. In ta toshe sa'o'i kaɗan, mafitsara ta cika ta yi tamtsan, ɗinkin da aka yi sa'a biyu ana yi ya ɓalle. Sannan ga gargaɗin sallama, wanda ya kamata a yi shi gaban maigida: watanni uku aƙalla ba kwanciyar aure, ba daka, ba jan guga. Wannan gargaɗi ya shafi duk wadda aka cire wa mahaifa ko ba ta yi yoyo ba, don ɗinkin ƙuryar farji yakan kwance, ko da yake da wuya, har hanji ya leƙo. In haka ta faru ba a turawa ciki da hannu. A rufe da tsabtataccen ƙyalle mai danshi, a kwantar da ita, a nemi mota a lokacin.

Mutanen Sae Sabuwa, da na Agye da Gazawa, sun yi sa'ar maƙwabtaka. A Danja, kudu da Maraɗi kan hanyar Ɗan Isa, akwai asibitin da mishan ɗin SIM ta kafa a 1956 don masu ciwon kuturta, kuma a Fabrairun 2012 aka buɗe cibiyar yoyon fitsari mai gado 42 a harabarsa tare da ƙungiyar Worldwide Fistula Fund. Likita Itengré Ouédraogo, ɗan Burkina Faso, ya yi shekaru yana jagorantar tiyata a can. Akwai cibiyar ƙasa a Yamai, ana gyara a Damagaram, a ƙetaren iyaka ga Babbar Ruga, ga cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano. Nakan yi tunanin yadda Danja da Babbar Ruga duka suka faro da kuturta. Wataƙila waɗanda suka saba taɓa mutanen da ake ƙyama ne suka fi saurin ganin wasu da aka tura bayan ɗaki.

To laifin wa? Ba na cikin masu saurin jifan likitan dare. Tun 2005 Nijar ta mayar da haihuwa ta tiyata kyauta, mata da yawa da da can kabari za su suna isa gadon aiki, sau da yawa a makare, a hannun likita ɗaya mai gajiya. Wanda ya tsayar da jini cikin duhu ya ceci rai, ko da allurarsa ta kama bututu. Abin da ba na yafewa shi ne shiru: a ga mace ta dawo tana zuba a ce mata zai daina, ko a ce wahalar naƙuda ce, don kada a ce hannun wani ne. Kwanakin da ake ɓatawa a wannan kunya su ne kwanakin da roba za ta iya warkarwa, su ne kuma ƙoda ke kumbura. A gida ma akwai nasu shirun. Wata takan daina salla don tana ganin ba ta da tsarki, alhali malaman Malikiyya sun daɗe da bayani cewa fitsarin da ke zuba ba tsayawa lalura ce da ba ta hana salla.

Saboda haka in akwai wadda aka cire wa mahaifa a gidanku, ku sa mata ido makonni biyu zuwa uku na farko. In zane ya fara jiƙewa, ko ta kama ciwon kwiɓi da zazzaɓi, ko fitsari ya ɗauke mata gaba ɗaya, kada a jira ranar kasuwa, kada a bi ta wajen wanzami. A ɗauki takardar sallamar asibiti a tafi da ita, a ba ta ruwa ta yi ta sha a hanya, kuma in likita ya tambaye ta ko tana tsugunawa, ta faɗa masa yadda abin yake daidai.